A Dawo da Firjin Laka Kafin a Ga Wata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Tsangayar Kimiyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗaliba ga malaminta, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da kuma furannin da ke ƙofar ofishinka. Na ga sun yi shar gwanin sha'awa, kuma in ka daure ka karanta zuwa ƙasa za ka ga duk tsangayar nan babu wanda ya fi ni haƙƙin tambayar lafiyarsu.

Ni ce Rabi'atu ta sashen nazarin tsirrai, wadda ma'aikatan ofishinka ke kira Dakta Mai Laka idan sun ɗauka na yi nisa. Na san za a ce me ya hana ni bin hanyar da aka saba. Na bi ta. Na rubuta ta hannun shugaban sashe, na rubuta ta hannun sakatare, na zauna a bencin ƙofarka har baƙi suka fara tambaya ta ko Farfesa yana ciki. Amsar ba ta taɓa canzawa ba, wai ana dubawa. To Sha'aban ya raba, wata kuwa ba ya jiran kwamiti. Buƙatata ɗaya ce: a dawo da firjin ɗakin bincikena kafin a ga watan azumi. In ba haka ba, ɗan abin da ya rage na aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai zai bushe a hannuna ina kallo.

Tunda ba kai kaɗai za ka karanta ba, bari in faɗi abin da nake yi da laka, kada mutane su ɗauka tukwane nake ginawa da albashin gwamnati. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san kududdufi, ramin da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini har ruwa ya mai da shi nasa. Kowace damina ruwa kan kwaso abin da ke gari ya kwantar a gindinsa, ta bana a kan ta bara. A cikin lakar nan akwai garin fure, irin wanda manomi ke kira bununi in ya gan shi a kan gero. Ido ba ya ganin ƙwayarsa, amma tana da taurin rai. Sai itace ya mutu, mai shi ya mutu, jikokinsa su bi shi, ita tana nan kwance, kuma kowane tsiro da kamannin tasa ƙwayar. Aikina shi ne in soka bututu cikin laka, in zaro ta a jere yadda ta kwanta, in yanka ta ƙanana-ƙanana, in sa a madubin ƙara girma in ga abin da ya tsiro a Zazzau a zamanin da babu mai rubutawa. Sharaɗin aikin biyu ne: kada a cakuɗa lakar, kada a bari ta bushe. Kai ka fi ni sanin wannan, don kai ka fara zana mana ƙwayar bununin dawa a allo ina aji ɗaya, ka ce wanda ba shi da haƙuri ya nemi wani sashen tun da wuri.

Kududdufin da na zaɓa na bayan gidanmu ne a Limancin Kona, a kan hanyar Kusfa, wanda tsofaffinmu suka ce kakanninsu ma ganin sa suka taso suka yi. Ba zan gaji da kai da abin da na sha ba, amma ka ƙiyasta 'yar gidan malamai, matar aure, ta ɗaure hijabi a ƙugu, ta sa takalmin roba, ta hau gangunan da aka ɗaure da igiya tana soka ƙarfe a ruwan da kowa ke toshe hanci in zai wuce. Wasu suka ce zinariya nake nema. Wasu suka ce wani abu aka binne wa gidanmu zan tono. Gwaggona ta yi tattaki har wurin maigidana ta tambaye shi a asirce ko boko ne ya fara taɓa ni. Haka na yi rani bayan rani, sai ruwa ya ja sannan in shiga, har na tara bututu goma sha wani abu, kowanne da alamar zurfinsa a jiki. Ban daɗe da zaro na ƙarshe ba aka sayar da wurin, aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka zuba kankare. Yau in ka tsaya a nan mai cajin waya za ka gani da mai wankin babur. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, babu inda zan koma in ɗebo wata.

Yanzu ga koke-kokena.

Na ɗaya, batun aro. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san abin da ke faruwa in aka ce baƙin tantancewa na tafe, wato manyan malaman da ake turowa su duba ko sashe ya cancanci ci gaba da ba da digiri. Sai tsangaya ta koma gidan biki. A shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a yi wa bangon da baƙi za su gani fenti a bar na baya, a kulle banɗakin da ba ya aiki a rubuta sito a ƙofarsa. Sannan a shiga aro. Sashen da za a duba ya aika a aro masa littattafai da kujeru da ma'auni da kwalabe, har labule. In an gama a mayar, wata shekarar mai bayarwa ya zama mai karɓa. Akwai wani madubi guda a tsangayar nan da baƙi suka yaba wa a sassa daban-daban, kowane zuwa da sabon suna a jikinsa, da madubi na samun ƙarin girma da tuni muna kiran sa Farfesa. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma mu bincikenmu ya nuna yana rufewa, in dai na kwana biyu ne.

Ban taɓa cewa uffan a kan wannan al'ada ba. Ni ma 'yar cikin gari ce, na san a biki ana aron tabarma da tukunya. Sai dai ko a cikin gari, in aka zo aron tukunya aka tarar da miya a ciki, akan tambayi mai ita inda za a juye.

Na biyu, abin da ya hana a tambaye ni shi ne ni ma an are ni. A zuwan da baƙi suka yi kafin azumin bara, sassa biyu za su duba, na kimiyyar abinci da na labarin ƙasa. Sai aka gano na labarin ƙasa ba shi da isassun masu digiri na uku. Aka kira ni aka ce tunda laka ƙasa ce, ai dama ni tasu ce. Aka ba ni ofis a can ƙarshen haraba, aka manna sunana a ƙofar da fentinta bai bushe ba, aka rataya mini taswirori, aka ce in baƙi sun leƙo in yi murmushi, kada in ja zance. Na zauna, don kai ka sa hannu, ni kuma ban saba yi maka musu ba. Ina can ina murmushi aka buɗe ɗakin bincikena da makullin ajiya, aka ɗauke firjin aka kai wa sashen kimiyyar abinci. Bututun lakar da ke ciki aka jere su a baranda, a rana.

Na uku, furanni. Kwamitin ƙawata haraba ya sayo tukwane, ya sayo dashe, sai ana gobe baƙi za su zo aka tuna ba a kawo ƙasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kwamitin nan yana da sa'a, ga baƙar laka mai maiƙo a baranda, a naɗe cikin leda kamar su aka tanadar wa. Shugaban kwamitin, malami mai digiri irin nawa, shi ya ba da umarni. Ba na ganin laifin leburorin, an ce su juye sun juye. Aka warware leda, aka zazzage a baro, aka kawo takin shanu aka ƙara, aka sa shebur aka cakuɗa sosai don kada wata tukunya ta fi wata. Lakar zamanin da ake ɗora tubalin ganuwa da ta zamanin ledar fiyawata suka hau kan juna a baro ɗaya.

Da aka gama aro na na dawo, sai na tarar da fankon bututu a jingine a bayan ƙofa, an wanke su tas, wai don kada in ce ba a kula mini da kaya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. A 'yan yankan da na samu na duba kafin wannan rana na fara ganin abubuwa. Na ga masara a sama, na ga inda ta ɓace gero da dawa suka rage su kaɗai, na ga wani baƙin layi na gawayi da ban san wace gobara ce ta bar shi ba. Ina tsakiyar karanta labarin aka yage shi aka shuka fure a ciki. Baƙi sun yaba da furannin. Sun yaba da firjin ma, ko da yake ba a jona shi ba, don ɗakin da aka kai shi babu soket.

Na huɗu, kwamitin bincike. Na gode da ka kafa shi, na kuma jinjina wa hikimar ɗora shugaban kwamitin ƙawata haraba a kansa, tunda duk duniya babu wanda ya fi shi sanin inda lakar ta shiga. Kwamitin ya zauna, an sha lemo, an ci cincin, sannan ya gano abubuwa masu muhimmanci. Ya gano cewa firji kayan jami'a ne, yana da lamba, kuma a takarda yana nan da ransa. Laka kuwa ba ta da lamba, saboda haka a ƙa'ida ba a yi asarar komai ba. Ya kuma gano cewa lakar ba ta bar harabar tsangaya ba, in ina buƙata zan iya ɗiba a tukwanen, muddin ban taɓa saiwa ba. Wani dattijo a cikinsu da ya ga idona ya kawo ruwa, tausayi ya kama shi, ya ce, “Haba Dakta, laka ce fa. In kina so gobe in sa a kawo miki tifa guda daga gonata.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: a ƙarshen zangon aka dawo mini da takardun neman ƙarin girma, wai abin da na wallafa bai isa ba, tare da shawarar in ƙara himma wajen bincike.

Na biyar, tunda an ce har yanzu ana duba inda firjin ya shiga, bari in rage wa kwamiti aiki. Yana ɗakin hutun manyan malamai, hannun dama in ka shiga, ƙarƙashin hotunan shugabannin da suka gabata. Da baƙi suka tafi sai aka ga nauyinsa ya yi yawa a mai da shi ɗakina da ke saman bene, aka sauke shi nan na ɗan lokaci, ɗan lokacin ya shekara. Akwai lemo a ciki da ruwan roba, da furar wani bawan Allah da ba zan ambata ba. Ɗakina kuwa yana kan layin solar tsangaya, soket ɗinsa lafiya lau, babu abin da ke jikinsa sai yanar gizo.

Na shida, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bututu biyu sun tsira. Su ne na can ƙasa, waɗanda suka fi ba ni wuya, kuma ranar da na zaro su ana yajin aiki, ɗakin bincike a kulle. Sai na wuce da su gidanmu na sa a firjin mahaifiyata, Hajiya, wadda yayana ya sa wa sola saboda yanayin jikinta. Na cire ƙarafan da ake jera kaya a kai don su sami wurin tsayawa, na ce mata kwana kaɗan ne. Aka janye yajin aiki, aka shiga hidimar baƙi, kafin in waiga firjin da zan mai da su ya tafi aro. Waɗannan biyun ko buɗe su ban yi ba. A cikinsu ne nake sa ran sanin ko rimayen da Zazzau ke tinƙaho da su gari ya tarar da su ko shuka su aka yi, da ko ɗorawa da kaɗanya sun taɓa yin daji a inda yau ko inuwar fakewa babu. Mai yiwuwa in duba in tarar ba abin da nake zato ba ne. Ko hakan ne ina so in sani.

Kada a ce in kai su gidana, wutar unguwarmu baƙuwa ce, ta kan leƙo ta gaisa ta wuce. Kada a ce in sayi firji da sola, kai ka san albashin. Na roƙi abokan aiki, kowa ya jajanta mini, amma da zarar an ji kalmar kududdufi sai a tuna uwargida ba za ta yarda a haɗa mata shi da miya ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Hajiya fa ba don kanta take son firjinta ba. Tun rasuwar mahaifinmu, duk azumi ita ke fitar da ruwan sanyi da zoɓo zuwa masallacin ƙofar gida, inda ya yi limanci, sadaka gare shi. Masu turin baro da masu tallan da magariba ta riska a hanya, da mutanen ƙauye da suka makara ba su koma gida ba, duk sun san ƙofar. Bara ta haƙura saboda ni, aka fitar da ruwan randa, ta yi ta ba mutane haƙuri kamar ita ta yi laifi. Ba ta fahimci aikina ba, ba ta kuma taɓa yi masa dariya ba. In jikoki sun doshi firjin ita ke korar su, ta ce a bar wa Rabi ƙasarta. A makon jiya na je gaishe ta, ta sa aka rufe ƙofa, ta ce, “Rabi, na yi wa lakarki haƙurin bara. Bana masu azumi ne a gaba, ni kuma ban san ko zan ga na baɗi ba.” Maganarta ke nan, ranka ya daɗe. In kai kana da amsar da za a ba ta, ina saurare.

Na bakwai, saƙonka ya iso ni. Sakatare ya shaida mini cewa ka ji labarin bututu biyun nan, ka yi murna ƙwarai, kuma tunda bayan sallah baƙi za su dawo duba sashenmu, kana so in kawo su a buɗe a shimfiɗa a teburin baje koli, ƙarƙashin fanka, a matsayin shaidar cewa bincike na gudana a tsangaya. Ya ƙara da cewa in ban samu hali ba babu damuwa, a iya cika tsofaffin bututun da ƙasar bayan ofis, tunda baƙi ba ɗanɗanawa za su yi ba. Ina so in yi zaton wannan ƙarin nasa ne, ba daga bakin wanda ya zana mana bununin dawa ya fito ba. Amsata dai ita ce a'a. An ari firjina, an are ni, waɗannan biyun ba na aro ba ne.

Saboda haka ina roƙon ka, cikin ladabi, ka sa a kwashe lemon nan a hau da firjin inda aka ɗauko shi. Ba sai an kafa kwamiti ba, mutum huɗu masu ƙarfi sun isa, kuma ba sai an jira ni ba tunda an san inda makullin ajiya yake. Ina roƙon a sa doka cewa duk abin da za a ara a buɗe shi a gaban mai shi, in kuma mai shi ma a are yake, a jira a dawo da shi tukuna. Ina roƙon a ba bututun nan biyu lamba, kowace iri ce, ko ta tsohuwar kujera ce da ta karye, don in wani abu ya same su a yarda cewa sun taɓa wanzuwa. Ban nemi a hukunta kowa ba. Ban nemi a tumɓuke furanni ba, su ba su da laifi, kuma su kaɗai ne zuwa yanzu suka amfana da bincikena.

In ba a yi ba, ga abin da zai faru, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Da zarar an ce an ga wata zan buɗe firjin Hajiya da hannuna in fitar da su, in wanke shi, in mayar da ƙarafansa, in taya ta jera ruwa. Ba zan roƙe ta ƙarin kwana ba, ba zan shiga tsakanin uwata da ladanta ba. Zan naɗe su a jiƙaƙƙen buhu in jingine a gindin randa, in dinga yayyafa musu ruwa safe da yamma, ina sane da cewa kaina nake yaudara. A zafin nan laka za ta tsage, fumfuna ta cinye saura, kafin sallah an gama. Daga nan ni da kai da duk wanda za a haifa a birnin nan, babu mai sanin abin da ya tsiro a wurin kafin a kira shi gari.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da aka ɗora maka. Allah Ya kai mu azumin nan da rai da lafiya, Ya sanyaya maka ruwan buɗa baki a firjin da yake halaliyarka. Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sauƙaƙa mana tantancewar ranar da maƙwabci ba zai ara wa maƙwabcinsa ko tsinke ba.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Dakta Rabi'atu Isyaku,
Limancin Kona, Birnin Zariya.